Gayya a Gonar Hagga Na'ima

Na isa Alƙahira da jaka ɗaya da lambar wayar mutum ɗaya, kuma kafin mako ya zagayo lambar ta daina shiga. Mutumin ɗan garinmu ne, Rano, Ustazu muke ce masa. Duk shekara yana zuwa gida da farar jallabiya da ƙamshin turare, ya ja salla a masallacin unguwa, mutane su yi ta sha'awar ƙira'arsa. Shi ya zauna a zaurenmu ya ce wa mahaifina ya samo mini gurbin karatu a jami'a, har da wurin kwana da abinci. Ya tarye ni a filin jirgi kuwa, ya kai ni wani gida a Hay el-Sabi' inda ɗalibai 'yan Najeriya suke, ya ce in ɗan zauna a nan kafin a buɗe ofis. Tun daga ranar ban sake sa shi a idona ba.

Da na gaji da jira, sai na tambayi hanya na tafi Darrasa, unguwar da ofishin jami'ar yake, da kaina. Ma'aikacin da na tarar dattijo ne mai furfura da tabarau. Ya duba na'ura, ya sake dubawa, ya fara da sunana, ya koma ya fara da sunan mahaifina. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Ma'alish ya ibni," ya ce, wato ka yi haƙuri ɗana. "Sunanka bai taɓa zuwa nan ba. In kana son karatu sai ka nema sabo, ka yi jarrabawar Larabci, ka jira baɗi."

Ya sa aka kawo mini shayi. Na riƙe kofin har ya huce ban iya kai shi baki ba.

A ranar na kira gida na faɗa wa mahaifina komai. Ina jin kukan awaki ta bayansa. Can sai ya ce, "Nafi'u, gida yana nan, ba inda za shi. In ka ga za ka iya, ka zauna. In ba za ka iya ba, ka dawo, ba wanda zai yi maka dariya ina raye." Na ce masa zan zauna. Ban san da me zan zauna ba, amma na faɗa.

Ɗaliban Hay el-Sabi' sun yi mini halacci. Sun matsa mini wuri a ƙasa tsakanin katifu, suna raba gurasarsu da wakensu da ni. Sai dai gidan ya riga ya cika, kuma mai gidan ya fara ƙirga takalman da ke bakin ƙofa. Kullum da safe su ɗauki littattafai su fita, ni in zauna ina kallon bango. Lokacin sanyi ne, irin sanyin da ke fitowa daga siminti ya shiga ƙashi. Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce, kewa ce. Akwai ranar da na ji ƙamshin daddawa a matattakalar wani bene, na tsaya cak kamar an kira sunana, har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya.

Daga nan na koma Hayyin Ashir, inda haya ta fi sauƙi kuma baƙar fata ba abin kallo ba ne. A can na haɗu da Baba Isiyaka. Ina zaune a shagon shayi na 'yan Sudan ina amsa waya da Hausa, sai wani tsoho dogo mai farin rawani ya juyo ya ce, "Kai ɗan wane gari ne?" Hausarsa irin ta kakata ce, da wasu kalmomin Larabci a tsakiya. Kakanninsa daga ƙasar Haɗeja suka tashi da ƙafa za su hajji, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gida. Lambu yake da shi a can na mangwaro da lemo, yaƙi ya kore shi ya baro komai. Bai taɓa ganin Najeriya ba, amma yana tambayata garuruwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tambayar dangi.

Da ya ji labarina sai ya kama hannuna ya juya tafin, ya shafa kantar da ke ciki.

"Wannan hannun ya san fartanya," ya ce. "Ina aiki a wata gona a bayan gari. Gobe ka shirya da wuri, yalla, mu tafi tare."

Gonar tana kan hanyar hamada mai zuwa Iskandariyya. Sai an bar gine-gine, an wuce shingen 'yan sanda, sannan a sauka daga kwalta a bi wata hanya ta rairayi. Ba zato sai ka ga kore a tsakiyar yashi: layuka na mangwaro, kowace bishiya da siririn bututu a gindinta yana ɗiga mata ruwa. Mai gonar mace ce, Hagga Na'ima, wato Hajiya a bakin mutanen Masar, gajera mai faɗi, kullum cikin baƙar abaya da takalmin roba irin na maza. Ita da marigayi mijinta suka dasa kowace bishiya a wurin tun yana fili fetal. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi Baba Isiyaka, "Yana salla?" Ya ce ina yi. "Yana shan taba a kusa da kara?" Ya ce ba na sha ko a nesa. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, ya fara aiki."

Akwai shugaban ma'aikata, Rayyis Sabri, da mutanensa 'yan ƙauyukan kudu. Ba su cuce ni ba, ba su kuma ja ni a jiki ba. Aikin da ya fi nauyi shi ake miƙo mini, ni kuwa ban taɓa cewa ya yi yawa ba. Na iya sassabe da yin taki tun a gida. Abin da ban sani ba shi ne dalilin da ya sa ake jibge karan shinkafa tuli-tuli a ƙarshen kowane layi, har mota guda, ba kuma dabba ko ɗaya a gonar.

Da na tambaya, Hagga da kanta ta amsa.

"Na saƙi'i ne. A ƙasarku babu shi?"

Na ce ban ma taɓa jin sunansa ba. Ta ce raɓa ce da ke daskarewa ta zama ƙanƙara a kan ganye. Ba a tsakiyar sanyi ya fi ɓarna ba, don lokacin itace yana barci. Sai sanyi ya fara fita, rana ta yi ɗumi, mangwaro ya saki jiki ya yi fure, sannan saƙi'in ya faɗo a dare ɗaya, daren da sama ta yi garau babu gajimare, iska kuma ta tsaya cik. Da safe furen yana nan kamar ba abin da ya same shi, bayan kwana kaɗan sai ya yi baƙi ya zube. Shi ke nan, shekara ta tafi.

"Bara ya cinye mini kusan komai," ta ce. "'Yan'uwan mijina suna so a sayar wa masu gina gidaje. Na ce su ba ni bana. In bana ma ta tafi, ba ni da bakin da zan hana su."

Ta faɗi haka ne tana gyara wani bututu da ya toshe, ba ta ko ɗago kai ba.

Furen ya fito a ƙarshen Fabrairu. Ban taɓa ganin mangwaro ya yi fure haka ba, har ganyen ya ɓuya. Ƙamshin yana tarar mutum tun daga bakin kwalta, ƙudan zuma kuwa sai ka ce injin markaɗe. Muka cire rigunan sanyi. Baba Isiyaka ya riƙa yawo tsakanin layuka yana yi wa bishiyoyi magana a hankali. Ni ma na fara jin kamar Masar ta sassauta mini.

Ranar wata Laraba, cikin Maris, rediyo ya ce sanyi zai dawo, manoman hamada su yi hattara da daren Alhamis. Hagga ta sa aka buɗe ruwa tun da rana, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Muka naɗe ƙananan dashe da ganyen dabino. Aka shirya cewa daren Alhamis kowa zai kwana a gona, kowane mutum da layukansa, a kunna ƙananan wuta tsakanin bishiyoyi a riƙe su har rana ta fito.

Da safiyar Alhamis Rayyis Sabri bai zo ba, mutanensa ma ba ko ɗaya. Wata babbar gona ta kamfani da ke gaba da mu ta aiko mota ta kwashe duk wani mai hannu biyu a yankin, da alkawarin da Hagga ba za ta iya yi ba. Hagga ta kira Rayyis Sabri, ya ce ma'alish, shi ma yana da 'ya'ya. Ta kira ƙauyukan kusa, kowa yana ta kan tasa gonar. Muka rage mu uku a gaban bishiyoyin da ido ba ya ganin ƙarshensu: tsohuwa, tsoho, da ni.

Hagga ta zauna a kan wani akwatin katako a ƙarƙashin rumfar da mijinta ya kafa a tsakiyar gona. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Za mu tsare layukan da ke kusa da rijiya. Sauran na Allah ne."

Na dubi Baba Isiyaka, na ce masa da Hausa, "Baba, da a gida ne ai gayya za a kira."

Ya dube ni, idonsa ya yi wani haske. "A wurinmu ma haka. To wa kake da shi a nan da za ka kira?"

"Ina da Hayyin Ashir. Ina da Hay el-Sabi'."

Na yi wa Hagga bayani da guntun Larabcina. Ta girgiza kai. "Ɗaliban addini? Su baro littattafansu su kwana cikin hayaƙi saboda matar da ba su sani ba? Ba ni da abin biyansu, ya ibni."

Na ce, "Ba biya ake yi ba, ya Hagga. Abinci kawai ake dafawa."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "In abinci ne, je ka."

Na isa Hayyin Ashir ana kiran la'asar. A ƙaramin masallacin da 'yan Najeriya suka fi taruwa, Malam Habu ne ke jan salla, mutumin Gusau, wanda ya fi kowa daɗewa a Masar, yana rubuta kundin digirinsa na uku. Da aka sallame na miƙe, ko da yake ban taɓa magana a gaban jama'a ba, ga shi ni kaɗai ne a wurin ba ɗalibi ba. Na faɗi abin da ya kawo ni. 

Wani daga sahun baya ya ce, "Akhi, ɗan'uwa, mu fa karatu ya kawo mu. Kuma hanyar nan akwai shinge. Motar baƙaƙen fata ta nufi hamada da yamma, ka san abin da za su ɗauka. Za su ce Libiya za mu tsallaka."

Gaskiya ya faɗa, kowa ya san haka. Na ce, "Ban ce dole ba. Matar nan ta ba ni aiki ranar da ba ni da komai, ba ta tambaye ni takarda ba. Ni dai zan koma ko ni kaɗai ne."

Malam Habu ya gyara zama. "Ku nawa ne a nan ubanku ba manomi ba ne?" Ba wanda ya ɗaga hannu sai mutum biyu, su ma suna dariya. Ya ce, "To kun san abin da ake nufi da amfanin shekara ya lalace a dare ɗaya. Gobe Juma'a, babu darasi. Wanda iƙamarsa take da rai, ya ɗauko bargo ya same mu a tasha. Wanda tasa ta mutu, ya zauna ya yi mana addu'a, ba laifi a kansa."

Iƙama ita ce takardar izinin zama. Tawa ta ƙare, na kai sabuntawa, ɗan rasit kawai nake riƙe da shi. Malam Habu ya sani. Ya ja ni gefe ya ce ko in kwatanta musu hanya in zauna. Na ce hanyar rairayin ba ta kwatantuwa, kuma ba zan kira gayya in ɓuya a ɗaki ba.

Waya ta yi aikinta. Kafin magariba mun cika ƙananan bas biyu, har da 'yan Nijar daga Darrasa da wasu samarin Hausawan Sudan da suka ji sunan Baba Isiyaka. Wasu da jallabiya da silifa suka zo, wani ma da littafin nahawu a hammata.

A shinge aka tsayar da mu kamar yadda aka yi hasashe. Aka ce kowa ya sauko, aka jera mu a bakin kwalta, aka karɓi fasfo. Hafsan da ke wurin matashi ne, fuskarsa a murtuke. Ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan rasit ɗina sai ya ware shi gefe.

"Ina za ku?"

Malam Habu ya fara bayani da Larabcinsa na littafi, hafsan ya katse shi. "Wa ya tara ku?"

Na ce, "Ni ne, ya basha," wato ranka ya daɗe.

"Kai da ba ka da iƙama? Me za ku yi a hamada da dare?"

 Duk Larabcin da na tara ya gudu, kalma ɗaya ta rage. Na nuna sama na ce, "Saƙi'i, ya basha. Mangwaro ya yi fure."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ta yi garau, taurari sun fara fitowa, tutar da ke kan shingen ta lanƙwashe ba ta ko motsi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in kira mai gonar. Na kira Hagga na miƙa masa. Ban ji abin da ta ce ba, amma ina jin tashin muryarta daga inda nake, shi kuwa yana ta cewa, "Hadir ya Hagga, hadir," wato to, na ji, kamar yaron da uwarsa ke yi wa faɗa. Da ya gama ya miƙo mini wayar da rasit ɗin tare.

"Mahaifina yana da gonar lemo," ya ce a hankali. "Yanzu haka yana cikinta. Ku jiƙa karan kafin ku sa, busasshe yana cinyewa da wuri. Yalla, ku tafi."

Da fitilun motocinmu suka haska ƙofar gona, Hagga tana tsaye da tocila. Ta ga mutane suna ta saukowa ba su ƙare ba, sai ta dafa ƙirji ta juya baya na ɗan lokaci. Da ta juyo ta koma Haggar da na sani. Ta raba mu layi-layi, ta nuna yadda ake yi: wuta ƙarama, ba babba ba, da yawa a warwatse, nesa da reshe, a riƙa ɗora jiƙaƙƙen kara a hankali don ta daɗe tana ci, ɗumi da hayaƙi su kwanta a ƙarƙashin bishiyoyi. Ta ce ba yanzu ne yaƙin ba, sai gab da asuba, kada kowa ya ƙona rabonsa da wuri. Ta dafa katuwar tukunyar miyar adas, wani irin ƙaramin wake, ga gurasa, ga shayi a buta.

Da farko abin wasa ne. Ana tsokanar juna, Bakano da Bazazzagi, Bazamfare da Bakatsine. Gefen jallabiyar mai littafin nahawu ya kama wuta, ya yi ta tsalle yana salati, aka kashe da yashi aka yi ta dariya. Amma da dare ya raba, dariya ta ɗauke. Sanyi ya sauko kamar ana zuba shi daga sama. Yatsu suka ƙage, hayaƙi ya sa ido hawaye, masu silifa suka naɗe ƙafa da buhu. Ni aikina ɗaukar kara a ka daga tuli zuwa layuka, ina gudu ina dawowa. Na tarar da wasu sun fara gyangyaɗi a gaban wutarsu.

Malam Habu ne ya samo magani. Daga layinsa ya ɗaga murya ya fara tilawa, ya karanta kaɗan ya tsaya, ya kira sunan na layin gaba ya ɗora. Shi ma ya karanta ya miƙa wa na gaba. Haka karatun ya riƙa tafiya cikin duhu daga wannan gefen gona zuwa wancan, ya juyo. Wanda aka kira bai amsa ba, an san ya yi barci, sai a je a tashe shi. Na tsaya da ƙunshin kara a kaina ina saurare, ga wuta ɗigo-ɗigo har iyakar gani, ga furen mangwaro fari a cikin hayaƙi. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin ni wani ba ne sai a wannan lokacin.

Gab da asuba kara ya ƙare. Mun yi tattali iya yi, amma an tanade shi ne don ƙwararru, mu kuwa 'yan koyo ne. Hagga ta haska ma'aunin sanyin da ta rataye a reshe, ta ce yanzu ne ya fi sauka. Na je ɗibar ruwa a duro na ji samansa ya yi ɓawo, ya fashe a hannuna kamar gilashi.

Baba Isiyaka ya ce mata, "Ya Hagga, kwarin can ƙasa ya riga ya tafi, sanyi can yake taruwa. A janye mutane, a kwaso wutarsu a kawo sama."

Bishiyoyin kwarin su ne na farko da suka dasa ita da mijinta. Duk da haka ta ce a janye. Ta haska tocila ta ko'ina tana neman abin ƙonawa. Aka farfasa tsofaffin akwatuna, aka kwance shingen ganyen dabino. Bai isa ba. Hasken ya tsaya a kan rumfar marigayin, mai rufin kara da ginshiƙan katako, inda take zama kullum.

"Ku rushe ta," ta ce.

Ba wanda ya motsa. Ta je da kanta ta kama ginshiƙi ta fara girgizawa. Sai muka taru muka sauke ta, muka rarraba ta layi-layi. Da ita muka kai asuba. Salla ma kashi biyu muka yi, rabi suna sahu rabi suna kan wuta, sannan aka canza.

Da gari ya waye muka ga abin da muka kwana muna yaƙi da shi. Bayan iyakar gona, yashi da ciyayi sun yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. A kwari ma ganye ya yi fari. Amma a layukan da muka riƙe, ganyen a jiƙe yake, ruwa ne ke ɗiga, ba ƙanƙara ba. Muka dubi juna, fuskoki baƙi ƙirin da toka, idanu jajur, sai wani ya fashe da dariya, kowa ya kama. Hagga ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunan kowa da sunan mahaifiyarsa, ta ce za ta sa su a addu'a. Ta gasa fatira, wata gurasa mai maiƙo, ta zuba zuma, muka ci, mutane suka zube a gindin bishiyoyi cikin hantsi suka yi barci kamar matattu.

Ba a san gaskiyar sakamako ba sai bayan kwanaki. Furen kwari ya yi baƙi ya zube, har da wasu layuka na gefen yamma inda wuta ta mutu da wuri. Sauran ya riƙe. Da na ga 'ya'yan farko, ƙanana kamar ƙwayar gujiya, na kira Baba Isiyaka da ihu har ya ɗauka maciji ne. Rayyis Sabri ya dawo da mutanensa, Hagga ta karɓe su ba tare da gori ba. Shi da kansa ya zo ya ba ni hannu, daga ranar kuma aiki mai nauyi raba shi ake yi. 'Yan'uwan mijinta sun zo sun zaga gona, suka sha shayi, suka tafi, ba a sake maganar sayarwa ba. Baba Isiyaka ya bar Hayyin Ashir ya tare a ɗakin da ke bakin rijiya, ya sare busassun rassan kwari, ya ce baɗi za su farfaɗo.

Ni kuwa da rana ina gona, da yamma Hagga tana zaunar da ni ta sa in karanta mata jarida da ƙarfi, tana gyara mini harshe ba sassauci. Na zauna jarrabawar Larabci lokacin zafi, na ci. Iƙamata ta fito, ta ɗalibi.

A watan Agusta aka yi tsinka. Ranar wata Juma'a Hagga ta sa aka loda akwatuna a bayan a-kori-kura, zaɓaɓɓu, ba na ƙasa ba, ta ce in kai wa mutanena. Bayan an sauko daga masallaci muka shimfiɗa leda a gidan Malam Habu, aka zube mangwaro tsibi guda, aka kewaye shi. Ba wuƙa ba faranti, kowa ya naɗe hannun riga, ruwan yana bin gwiwar hannu. Har maƙwabta 'yan Sudan aka aika wa.

A cikinmu akwai wani baƙo da ya sauka daga Bauci a makon, mutum mai iyali da ya zo ƙaro karatu, yana zaune a takure bai saba da kowa ba. Ya sha ɗaya, ya sha na biyu, sannan ya ce, "Kai, wannan a wace kasuwa kuka saya? Ko a gida ban sha irinsa ba."

Malam Habu ya ce, "Ba saya muka yi ba. Namu ne."

Baƙon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai yi dariya. "Naku? Kuna da gona a Masar?"

Ba wanda ya yi dariya. Duk suka juyo suka dube ni. Na zaɓo wanda ya fi kowanne nuna a tsibin na miƙa masa.

"Muna da ita," na ce. "Ka nemi bargo da takalmi mai rufi kafin Maris. Za mu kai ka."